Kilomita 361 ne tsakanin Grise Fiord da Qaanaaq, to ina jirgin?

Malama Hadiza

Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya ɗaure mini kai tun shekaranjiya, ina neman mai warware mini. Darasi nake shirya wa ɗalibaina kan auna nisa a taswira, sai na ce bari in zaɓi garuruwa biyu ƙanana na can ƙuryar duniya waɗanda ba su taɓa jin sunansu ba, don kada wani ya zo da amsa a aljihu. Na ɗauki Grise Fiord da ke tsibirin Ellesmere na Kanada, da Qaanaaq da ke arewa maso yammacin Girinland. Teku ne ya raba tsibirin Ellesmere da Girinland.

Na saka sunayen a manhajojin lissafin nisan jirgin sama har guda huɗu. Ɗaya ta ce 361, ɗaya 363, ɗaya 224, ta ƙarshe 195. Na koma na ɗauki rula na auna a babbar taswirar bango, na bi ma'aunin da ke ƙasanta, sai ga wajen kilomita 1,600. Wadda ta ce 361 har ta ƙara da cewa tafiyar minti 57 ce. Da na nemi jirgin da ke yin wannan tafiya kuwa, ko ɗaya ban samu ba. Ba na so in tsaya gaban yara in faɗi abin da ni kaina ban gamsu da shi ba. Wanne ne gaskiya a cikinsu?

Mubarak

Wa alaikumus salam Malama. Uku daga ciki magana ɗaya suke yi, awo ne ya bambanta. 361 kilomita ce. 224 mil ne na ƙasa, shi kuwa mil ɗaya mita 1,609 ne. 195 mil ne na teku, wanda jiragen sama da na ruwa ke aiki da shi, kowane ɗaya mita 1,852. Ki ninka 195 da 1.852 ki gani, 361 zai dawo miki. Ta 363 ɗin da ta rula ne sai manya sun shigo.

Malam Sabo Safiyo

Mubarak ya yi daidai. Bari in ɗora daga inda ya tsaya, in fara da rula domin ita ce babbar ɓaraka.

Malama, ina kyautata zaton taswirarki irin zanen Mercator ce, wanda aka fitar a 1569 don matuƙan jirgin ruwa. Ki duba ta: in Girinland ta yi kusan girman Afirka, to ita ce. A zahiri Afirka ta ninka Girinland wajen sau 14. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya, ba yadda za a yi a baje ɗaya a kan ɗaya ba tare da an ja wani ɓangare ba. Wannan zanen yana jan ƙasa ne gwargwadon nisanta da ikwaita. Ma'aunin da kika bi a ƙasan taswirar na ikwaita ne. A digiri 60 komai ya ninku biyu. A digiri 77, inda garuruwanki suke, ninkin ya kai kusan 4.4. Ki ninka 361 da 4.4, ga 1,600 ɗinki nan kusan cif. Ke nan hannunki bai yi kuskure ba, kin auna daidai, taswirar ce ba ta awon nisa ba a wannan yanki.

Ga yadda za ki samo 361 da alli a allo, ba sai da kwamfuta ba. Grise Fiord yana digiri 76.42 arewa, 82.89 yamma. Qaanaaq yana 77.47 arewa, 69.23 yamma. Tazarar arewa da kudu digiri 1.05 ce, kowane digiri kuwa kilomita 111 ne da ɗan ɗori, ya ba mu 117. Tazarar gabas da yamma digiri 13.66 ce, kuma nan ne ake zamewa. Layukan da suka tashi daga kudu zuwa arewa suna matsowa kusa da juna har su haɗu a ƙololuwar duniya. Digiri ɗaya da yake kilomita 111 a ikwaita, a digiri 77 ya tsuke ya koma 25 kacal. 13.66 sau 25 ya ba mu 342. Sai ki kawo ƙa'idar Faisagoras da yara suka sani: 117 sau kansa, 342 sau kansa, a haɗa, a fitar da saiwa. Za ki samu 361.

Batun 363 kuma: wasu manhajojin suna ɗaukar duniya ƙwallo ce sak, mai nisan kilomita 6,371 daga tsakiya zuwa baya. Wasu suna bin ainihin siffarta, wadda ta ɗan kumbura a ikwaita ta ɗan baje a sama da ƙasa. Daga tsakiya zuwa ikwaita 6,378 ne, zuwa ƙololuwa 6,357. Hanyar lissafin da wani masanin awon ƙasa mai suna Vincenty ya fitar a 1975 ita ke lura da wannan. Bambancin hanyoyin biyu, in ya yi yawa, wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne. A aikinmu na awon ƙasa wannan babban abu ne, a darasin aji kuwa ba komai ba ne.

Malama Hadiza

Allah ya saka da alheri Malam Sabo. Na je na duba, wallahi Girinland ɗin har ta so ta fi Afirka tsawo a bangon. Shekara nawa ina koyarwa da taswirar nan, na san tana ƙara girma a sama, amma ban taɓa kawo wa raina ninkin ya haura huɗu ba. Saura minti 57 da jirgin da babu.

Alhaji Ɗanjuma

Ni fa ku yi mini afuwa, duk wannan lissafin ban ga amfaninsa ba. Na daɗe ina harkar tura kaya ta jirgi, kuma ban taɓa ganin kayan da suka bi miƙaƙƙen layi ba. Lambar da ba wanda zai iya tafiya a kanta, me ya sa za a kira ta nisa? In mutum yana Grise Fiord yana son zuwa Qaanaaq, 361 ba ta amfane shi da komai ba. Malama, shawarata ki koya wa yara hanyar da ake bi. Wannan lambar ta kan takarda ruɗa su kawai za ta yi, su girma suna zaton ko'ina akwai jirgi yana jiransu.

Malam Sabo Safiyo

Alhaji, ban yarda ba. Da wace lamba za ka gane hanyar da ake bi ta yi zagaye, in ba ka san miƙaƙƙiyar ba? Mai ɗaukar shatar jirgi da ita ake fara yi masa lissafi. Masu aikin ceto da ita suke sanin ko jirginsu zai kai ya dawo. Ita ce mafi gajartar hanya a bayan ƙasa, abin da ake kira babbar da'ira, wato layin da zare zai bi in ka ja shi tsakanin wurare biyu a jikin ƙwallo. Kamfani zai iya soke jirgi gobe, hanya ta sauya, ita kuwa tana nan yadda take.

Alhaji Ɗanjuma

Tana nan yadda take, amma ba ta kai kowa ko'ina. Ni abin da ke kai kaya nake magana.

Baba Kyaftin

Ku dakata haka, Alhaji da Malam Sabo. Na yi shekaru ina tuƙa ƙananan jirage masu farfela kafin in ajiye aiki, kuma kowannenku ya riƙe gefe ɗaya na abin da matuƙi ke yi kafin ya tayar da inji.

'Yata Hadiza, minti 57 ɗin nan na san inda ya fito. Irin waɗannan manhajoji suna raba nisa da gudun babban jirgi, wajen kilomita 800 a awa, su ƙara rabin awa na tashi da sauka. 361 a raba da 800 minti 27 ne, a ƙara 30, ga 57. Sai dai babban jirgi ba zai taɓa sauka Grise Fiord ba. Titin jirginsu na tsakuwa ne, bai kai mita 600 ba, ga duwatsu sun tsaya a bayan garin, dole matuƙi ya shigo a karkace ya miƙe a ƙurarren lokaci. Jirgin da ke zuwa can shi ne Twin Otter, wanda ya fara tashi a 1965, mai ɗaukar mutum 19 in an cika shi, kuma daga garin Resolute na arewacin Kanada yake zuwa. Titin Qaanaaq ma tsakuwa ne, mita 900.

To mu ɗauka jirginmu yana gudun kilomita 250 a awa cikin iska. In iska ta kwanta, kilomita 360 awa ɗaya ce da minti 26. In iska mai gudun 50 tana bugun hancinsa, a ƙasa 200 yake ci, tafiya ta koma awa ɗaya da minti 48. A dawowa tana tura shi, yana cin 300, awa ɗaya da minti 12. Mutane suna zaton abin da iska ta ci a zuwa tana biya a dawowa. Ku haɗa ku gani: da iska awa uku cif, ba iska awa biyu da minti 53. Kullum sai ta ci wani abu, domin ka fi daɗewa a ɓangaren da take cutar ka.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke hana matuƙi barci shi ne mai. Ba a zuba man zuwa kaɗai. A dokar Amurka, misali, mai tafiya da na'ura cikin gajimare dole ya ɗauki man da zai kai shi inda za shi, da wanda zai kai shi wani filin na daban in ya kasa sauka, da ƙarin na minti 45 a kai. Inda garuruwa suke kusa da juna, filin na daban yana nan tafiyar minti goma. A irin wuraren da kika zaɓa, sau da yawa filin na daban shi ne wanda ka baro. Ke nan tafiyar 361 sai ka yi mata tanadin 722 da ɗori. Kowane kilo na mai kuma kilo ne da aka rage daga fasinja ko kaya. Akwai wani wuri a tsakiyar hanya da muke sa wa alama tun a ƙasa, wanda in ka wuce shi man komawa ya ƙare maka, sai gaba. Kafin ka kai nan kake kiran rediyo ka ji yanayin can. Na sha juyawa a daidai wurin nan, garin da za mu yana gabanmu tafiyar minti ashirin, fasinjoji suna kallona ta ƙofar da ke buɗe tsakaninmu. Ba na jin daɗin hakan ko kaɗan, amma ban taɓa nadamarsa ba.

Mubarak

Baba, to me ya hana a sa jirgi kai tsaye tsakaninsu ko da sau ɗaya a mako? Ai Twin Otter ɗin zai iya kilomita 361.

Baba Kyaftin

Zai iya mana, ɗana. Daga Resolute zuwa Grise Fiord ma wajen 380 ne, ya fi wannan. Wa zai cika shi? Mutanen Grise Fiord ba su kai 200 ba, na Qaanaaq 600 ne da 'yan kai. Na biyu, ƙasa biyu ce. Ɗaya Kanada, ɗaya Girinland da ke ƙarƙashin masarautar Denmak. Jirgin da ya tsallaka iyaka sai ya sauka inda aka tanadi kwastan da jami'an shige da fice, ko a nemi izini na musamman tun kafin a tashi. Na uku, kowane ƙaramin gari fuskarsa tana kallon inda asibitinsa da gwamnatinsa da kayan masarufinsa suke. Na Grise Fiord suna kudu ta Resolute da Iqaluit. Na Qaanaaq suna kudu ta Ilulissat da Nuuk. Hanyoyin jiragen sai suka zama kamar igiyoyi biyu da aka rataya gefe da gefe, kowacce ta sauka kudu, ba abin da ya ɗaure kawunansu a sama.

Anti Rakiya

Sannunku da ƙoƙari. Tun ɗazu nake karantawa, maganar Baba Kyaftin ce ta sa na kasa yin shiru. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na taɓa yin aiki a wani wuri da ba a shiga sai ta ƙaramin jirgi. A takardar da aka ba mu an rubuta tafiyar minti 40 zuwa babban asibiti. Lambar nan ta zauna mini a kai, har nake kwantar wa masu jinya hankali da ita.

Ranar da muka buƙace ta, wata mai ciki ce jininta ya hau. Muka kira jirgi da safe aka ce hazo ya rufe. Na fita bakin titin na tsaya, akwai wasu gangunan da aka jera aka shafa musu fenti don alamar gefen titi, ina iya ƙirga uku, na huɗu ya ɓace. Mai kula da filin ya ce sai ya hango wani tudu da ke can gaba kafin ya ce wa matuƙi ya taso. Kwana biyu muna haka. Ina auna ta duk bayan awa, ina duba sauran allurar da ta rage a kwali, ina fita ina ƙirga ganguna. Da jirgin ya zo a rana ta uku, sai da aka ɗora kowannenmu a sikeli, aka ce nauyi ya yi yawa saboda man da ya ɗauko na komawa. Mijinta aka bari a ƙasa da jakarsa a hannu. Allah ya sa ta sauka lafiya ita da jaririyar, tafiyar kuma minti 40 ɗin ce ba ƙari. Tun daga ranar ban sake ce wa mai jinya asibiti yana kusa ba. Sai in ce in an samu sarari, kusa ne.

Don haka Alhaji, na fahimci zafinka. Amma Malam Sabo ma yana da gaskiya a wani wuri: da minti 40 ɗin ne likita ya yanke shawarar a jira jirgi maimakon a ɗauke ta ta wata hanyar da za ta ci yini biyu tana jijjiga.

Alhaji Ɗanjuma

Allah ya saka miki, Hajiya. Allah ya raya yarinyar. Abin da nake nufi ke nan, ke kin faɗe shi da kyau fiye da ni. Ban ce a jefar da lambar ba, na ce kada a ba yaro ita tsirara.

Malam Sabo Safiyo

In haka ne mun kusa haɗuwa, Alhaji. Da farko cewa ka yi ba ta da amfani.

Alhaji Ɗanjuma

Na janye wannan. Amma ina nan kan cewa manhajar da ta rubuta minti 57 ta yi laifi. Nisa lissafi ne, ba wanda zai yi musu. Lokaci kuwa alkawari ne, kuma ta yi alkawarin jirgin da babu shi.

Mubarak

Akwai kishiyar wannan fa. A tsibiran Orkney na Sikotland akwai Westray da Papa Westray, tsakanin filayen jirginsu kilomita 2.7 ne kawai, kuma akwai jirgin fasinja na yau da kullum. Kamfanin Loganair ke yi tun 1967 da ƙaramin jirgi Islander mai kujerun fasinja takwas. A jadawali minti ɗaya da rabi ne, mafi sauri da aka taɓa yi daƙiƙa 53. Shi ne jirgin fasinja mafi gajeren zango a duniya. Ga wuri kusa da har ana hango shi an sa jirgi, ga 361 babu.

Baba Kyaftin

Misali mai kyau, kuma yana ƙarfafa abin da na faɗa. Ba don Westray da Papa Westray kaɗai jirgin ke tashi ba. Daga Kirkwall yake fitowa, babban garin tsibiran, ya sauka ɗaya, ya tsallaka ɗaya, ya koma gida. Guntun zangon nan gefe ɗaya ne na alwatika. Garuruwan biyu cibiyarsu ɗaya, ƙasarsu ɗaya, shi ya sa layi ya haɗa su. Kuma ka ga daƙiƙa 53 ɗin, iska ce ta ba da ita a ranar.

Zainab A.

Baba, in ƙara wani? Tsibiran Diomede a mashigin Bering. Ƙaramin na Amurka ne, babban na Rasha, tsakaninsu bai kai kilomita 4 ba. Layin sauya kwanan wata ya ratsa tsakaninsu, agogonsu ya bambanta da awa 21 a lokacin sanyi. Ba jirgin sama, ba na ruwa da ke kai mutum daga wannan zuwa wancan. A 1987 wata Ba'amurkiya mai suna Lynne Cox ta yi iyo ta tsallaka cikin awa biyu da 'yan mintuna, kuma sai da aka nemo izinin Tarayyar Sobiyet kafin ta shiga ruwan. Mutanen da ke babban tsibirin tun bayan yaƙin duniya na biyu aka kwashe su zuwa cikin Rasha, danginsu na ƙaramin suna kallon dutsen kullum.

Malama Hadiza

Zainab, wannan ya taɓa ni. Ya kuma sa na koma na karanta tarihin garuruwan da na zaɓa da ka, ban san me ke bayansu ba. A 1953 gwamnatin Kanada ta kwaso iyalan Inuit, wato 'yan asalin yankunan ƙanƙara na arewa, daga Inukjuak da ke arewacin Quebec ta kai su tsibirin Ellesmere, asalin Grise Fiord ke nan. A wannan shekarar dai aka tashi mutanen yankin Thule na Girinland daga mazauninsu saboda sansanin sojan saman Amurka, suka koma arewa inda Qaanaaq yake yanzu. Shekara ɗaya, gefe biyu na teku ɗaya. Kanada ta nemi afuwa a hukumance a 2010. Na shigo neman lamba, ga shi na kasa daina tunanin mutanen da aka sauke a wurin da rana ke faɗuwa a ƙarshen Oktoba ba ta sake fitowa sai tsakiyar Fabrairu.

Baba Kyaftin, in mutum ya dage sai ya je da jiragen haya na yau da kullum, kilomita nawa zai yi?

Baba Kyaftin

Bari mu jera, kowane zango da miƙaƙƙen nisansa. Grise Fiord zuwa Resolute 380. Resolute zuwa Iqaluit 1,570. Iqaluit zuwa Nuuk 820. Nuuk zuwa Ilulissat 560. Ilulissat zuwa Qaanaaq 1,070. Jimla 4,400. Ya ninka 361 sau goma sha biyu, kuma ban sa ƙananan tsayawa na kan hanya ba, irin Upernavik. Wannan ma sai an dace, domin zangon Iqaluit da Nuuk na lokacin zafinsu ne kaɗai, Air Greenland ta sake buɗe shi a 2024 bayan shekaru a rufe. In babu shi, sai mutum ya gangara kudancin Kanada, ya tsallaka Atilantika zuwa Aisland ko Denmak, sannan ya juyo Girinland. Kwanakin da zai ci kuwa ya danganta da ranar da kowane jirgi ke tashi da abin da sama ta yi.

Malam Sabo, ka lura da lambobin da na yi aiki da su? Duk naka ne. Alhaji, ka lura da amsar da suka bayar? Taka ce.

Wani abu kuma da zai yi wa ɗalibai daɗi: a can kamfas ba abin dogaro ba ne. Allurarsa tana nuna ƙololuwar maganaɗisu ne, wadda ba a wuri ɗaya take da ƙololuwar arewa ta gaskiya ba, kuma tana tafiya. Wani mai bincike ɗan Birtaniya, James Clark Ross, ya same ta a 1831 a yankin Boothia na arewacin Kanada, ta daɗe a cikin tsibiran nan, yanzu ta nufi wajen Saiberiya. Kusa da ita allura sai ta yi ta yawo. Shi ya sa a sararin samaniyar arewacin Kanada ake bin arewa ta gaskiya, har lambobin titin jirgi ana ƙara musu harafin T don a nuna haka.

Malam Sabo Safiyo

Na lura, Baba, na kuma karɓa. Malama, saura tarko ɗaya da ya kamata ki nuna musu, don shi ya fi kama masu neman nisan ƙananan garuruwa. Manhaja ba gari take aunawa ba, ɗigo take aunawa, kuma ita ke zaɓar ɗigon in ba ki ba ta ba. Ƙaramin gari in ba ta san shi ba, sai ta ɗauki filin jirgi mafi kusa, ko wani wuri mai irin sunan, ba tare da ta faɗa miki ba. Qaanaaq ana kiransa Thule a tsofaffin taswirori. In kika rubuta Thule, tana iya kai ki sansanin sojan nan, wanda aka sauya wa suna zuwa Pituffik a 2023, mai lambar THU, alhali filin Qaanaaq NAQ ne. Tsakanin wuraren biyu ya haura kilomita 100. Abin da ya sa tarkon ya yi muni: daga Grise Fiord zuwa Pituffik wajen 370 ne. Lambar ta yi kama da ta gaskiya, ba abin da zai sa ki yi zargi, alhali wani wuri daban aka auna miki. Maganinsa ki riƙa saka digirorin da hannunki, ko lambar filin mai haruffa uku. Ta Grise Fiord YGZ ce.

Mubarak

Na gwada yanzu da YGZ da NAQ, ya ɗan bambanta da na tsakiyar gari da 'yan kilomita.

Malam Sabo Safiyo

Haka zai yi. Filin Qaanaaq yana wajen gari ne, ba a cikinsa ba. A tafiyar kilomita dubu goma ba wanda zai kula da wannan. A tafiyar Westray kuwa, in ka auna daga tsakiyar tsibiri zuwa tsakiyar tsibiri maimakon titi zuwa titi, amsar za ta ninka ta gaskiya.

Anti Rakiya

Malama, don Allah in kin yi darasin ki dawo ki ba mu labari.

Malama Hadiza

Na dawo, Anti. Yau na yi shi. Na ajiye taswirar bango na ɗauko dunƙulen duniya na ofis, mai faɗin santimita 30. Garuruwan biyu ba su ma a jikinsa, sai da muka bi digirori muka ɗiga musu alama da biro. Na ba wata yarinya jan zare ta ja tsakanin ɗigon biyu, muka yanke, muka ɗora a rula: milimita takwas da rabi. Da ƙyar ta riƙe shi da farce. Suka yi lissafin Malam Sabo a allo, mutum biyar suka samu 361, sauran sun manta tsukewar digiri suka samu sama da 1,500, muka koma muka gyara tare.

Sannan na ba wani yaro baƙin zare, na riƙa karanto zangon Baba Kyaftin yana bi, 'yan uwansa suna danne masa kowace tasha da yatsa: Resolute, Iqaluit, Nuuk, Ilulissat, Qaanaaq. Yatsu biyar a kan ƙwallon. Da muka miƙe shi ya ɗan haura santimita 10. Na manna zaren biyu a allo, ja a sama, baƙi a ƙasa, na ba su labarin ganguna uku na Anti Rakiya ba tare da na faɗi sunanta ba. Aka buga ƙararrawa ba wanda ya tashi. Yarinyar da ta riƙe jan zaren ta tambaye ni ko mutanen garuruwan biyu sun san juna, na ce mata zan bincika kafin darasi mai zuwa. Baba Kyaftin, Zainab, in akwai wanda ya san inda zan fara, ina jira.